Nisan Sakkwato da Jidda: Zango, Mil da Awa

Duk shekara in lokacin jigilar alhazai ya zo, akan ji tambayar nan a zauruka da bakin masallatai: shin mene ne nisan Sakkwato da Jidda? Wanda ya tsaya a Ƙofar Atiku ya tambayi dattijo, zai ce masa a zamanin kakanninsa tafiyar shekara da shekaru ce. Alhajin da ya sauka bara zai ce ai awa biyar ce. Ɗan makaranta kuwa zai ce kilomita dubu uku da wani abu. Babu maƙaryaci a cikinsu, sai dai kowa da mudun da ya yi awo da shi. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ake auna nisan birane biyu masu nisa ta hanyar sama, da dalilin da ya sa jirgi ba ya cika bin wannan awo daidai, da kuma kalmomin da Hausa ke da su na faɗin al'amarin.

Bari mu fara da harshen, gama nan ne sana'armu. Bahaushe na dauri ba ya raba nisa da wahalar tafiya. In ka tambaye shi gari kaza, sai ya ce tafiyar hantsi ce, ko tafiyar yini, ko kwana uku. Fatake kuwa da zango suke ƙirga, watau wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana, inda akwai ruwa da abincin dabbobi. Saboda haka zango ba shi da tsawo guda. Rijiya ce ke yanke shi, in ta yi kusa zango ya gajarta, in ta yi nisa ya tsawaita. Waɗansu na ɗaukan wannan irin awo gajiyawa ce ta mutanen da, amma ni ban ga haka ba. Madugu ba ya bukatar sanin yawan taku, abin da yake bukata shi ne ya san guzurin kwana nawa zai ɗaura. Alhajin da ya ce awa biyar ma bisa wannan tsohuwar ƙa'ida yake, ya dai musanya kwana da awa.

Abin sha'awa kuma, da jirgin sama ya zo Hausa ba ta yi aron kalmomi da yawa dominsa ba. Jirgi dai tun asali kwalekwale ne na kan kogi, sa'an nan aka faɗaɗa shi aka sami jirgin ƙasa da jirgin sama. Aikatau biyu da muke yi masa, tashi da sauka, su ne na ayari: ayari ya tashi da asuba, ya sauka da la'asar. In jirgi ya tsaya shan mai a wata ƙasa har yanzu cewa muke ya ya da zango. Kalmar mil ita ce baƙuwa, kuma ta ƙofa biyu ta shigo. Malamai sun daɗe da saninta cikin littattafan fiƙihu, Turawa kuma suka zo da tasu suka kafa duwatsunta a gefen hanyoyin mota, har ta zama sunan wuri, kamar Mil Tara a Kano. Ta Larabci da ta Ingilishi duk asalinsu ɗaya, daga harshen Rumawa, ma'anarta taku dubu.

To, wace hanya masu ƙasa suka bi? Babbar hanyar gabas takan bi ta Kano, ta ratsa Barno, ta wuce kudancin Tafkin Cadi zuwa Fort Lamy, wadda aka mayar Njamena a 1973. Daga nan sai Abashe ta ƙasar Wadai, sai Jinaina da Fashir a Darfur, sai Ubayyid, sai Hartum, sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa a haye zuwa Jidda. Ko da an ja miƙaƙƙen layi daga kowane gari zuwa na gabansa, ba a lissafa kwane-kwanen hanya ba, jimla ta kai wajen kilomita 4,100. In muka ƙaddara ayari na cin kilomita 25 a yini ba ya hutawa, tafiyar kwana 164 ke nan, watau wata biyar da rabi. Amma wa ya taɓa yinta haka? Talaka yakan tsaya ya yi noma damina guda, ya yi ƙodago ko ɗinki ya tara guzuri, sa'an nan ya ƙara gaba. Da yawa ba su isa ba, da yawa kuma sun isa ba su komo ba.

Mutanen Sakkwato sun fi kowa sanin wannan hanya. Ranar 15 ga Maris 1903 aka yi karo da Turawa a Giginya, bayan ganuwar birni, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi da niyyar hijira. Ya yi shahada a Burmi cikin Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, garin da ake kira Mai Wurno har yau. Ga su a kan hanyar Makka, sun ci fiye da rabinta da nisa, nan zangonsu ya zama gida.

Yanzu sai mu koma ga awon ɗan makaranta. Da duniya shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, da sai a miƙa igiya daga wannan gari zuwa wancan a auna. Amma dunƙulalliya ce. Ɗauki duma ka sa masa ɗigo biyu da gawayi, ɗaya Sakkwato ɗaya Jidda. Ka ɗora zare a kan ɗigon nan biyu ka ja shi ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta a bayan duman. In kuwa ka bi sawun zaren da wuƙa ka zarce har ka kewayo, za ka ga duman ya rabu ƙwarya biyu daidai wa daida, domin yankan ya ratsa ta tsakiyarsa. Wannan zobe shi masana ke kira babbar da'ira. Kowane yanka da ya bar ƙwarya ɗaya ta fi ɗaya girma, ƙaramar da'ira ce, wanda ya bi ta ya yi zagaye ko bai sani ba. In an ce nisan birane biyu ta sama, tsawon zaren nan ake nufi.

Yaya ake sanin tsawonsa ba tare da an taka ba? Ana raba kowace da'ira kashi 360, kowane kashi sunansa daraja, kamar yadda malaman hisabi ke faɗi, 'yan boko kuwa su ce digiri. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, saboda haka daraja ɗaya ta kama kilomita 111. Wannan ba sabon ilmi ba ne. Wajen shekarar 830 Halifa Ma'amun ya aiki masana taurari cikin sararin Sinjar suka auna tsawon daraja ɗaya, suka same ta mil 56 da sulusi biyu na milin Larabawa. A 1025 kuma Albiruni ya gama wani littafi musamman kan iyakance matsayin garuruwa domin gyara nisan da ke tsakaninsu, abin da ya fi damunsa a ciki kuwa shi ne gano alƙiblar birnin Gazna. Ashe neman Makka yana cikin manyan abubuwan da suka raya wannan fanni tun farko.

Kowane gari yana da lamba biyu. Ta farko ita ce nisansa arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu a tsakiya. Ta biyu ita ce nisansa gabas ko yamma da layin da ya bi ta Girinwic a Landan. Filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na uku yana wajen daraja 13 arewa, daraja 5 da ɗan ɗori gabas. Filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, wanda aka buɗe a 1981, yana daraja 21 da sulusi biyu arewa, daraja 39 da ɗan ɗori gabas. Watau Jidda ta fi mu arewa da daraja 8 da rubu'i uku, ta fi mu gabas da daraja 34.

Ta arewa ba wuya: 8 da rubu'i uku sau 111 ya ba da kilomita 971. Ta gabas ce ke da tarko. Layukan da ke gangarowa daga arewa zuwa kudu kamar tsagin ɓawon kabewa suke, sun buɗe a ciki, sun tsuke a kai da gindi. A tsakiyar duniya tazararsu kilomita 111 ce, a Sakkwato ta koma 108, a Jidda 103. In muka ɗauki 106, tazararsu a tsakiyar hanya, sau 34 ya ba da 3,604. Sai a ninka kowace lamba da kanta, a haɗa su, a nemi tushen jimlar, kamar yadda ake neman tsawon tsanin da aka jingina da bango. Amsa ita ce wajen 3,730. Cikakken lissafi na bayan dunƙule, wanda kwamfuta ke yi, yana ba da kimanin kilomita 3,725. Kuskuren mai alli da allo bai kai kilomita goma ba. Ta wannan hanya, daga cikin birnin Sakkwato zuwa Ka'aba wajen 3,780 ne, daga filin jirginmu zuwa na Madina kuwa wajen 3,840.

Ga wani ɗan abin mamaki a gefe. Da za a haƙa rami miƙaƙƙe ta cikin ƙasa daga nan zuwa Jidda, da zai rage kilomita 50 kawai, amma tsakiyarsa zai nutse kilomita 270 ƙarƙashin hamadar Cadi. Hawan da jirgi ke yi sama kuma, wajen kilomita 11, yana ƙara wa hanyar kilomita shida kacal, domin da'irar da yake bi ta ɗan fi ta ƙasa faɗi.

In aka shimfiɗa zaren nan kan taswira, ba ya bin hanyar mahajjatan da ko kaɗan. Yakan fita Nijeriya nan da nan, ya bi ta arewa da Maraɗi da Damagaram, ya bar Tafkin Cadi can kudu, ya gifta kusa da Faya, ya haye Nilu arewa da Dungula, ya faɗa Bahar Maliya arewa da Fot Sudan. Kusan duka rairayi ne da duwatsu, inda raƙumi ma sai ya yi shawara. Masu ƙasa sun ƙara ɗaruruwan kilomita ne domin su bi ruwa da mutane.

Farkon zaren nan kuma shi ne alƙibla, bambancin Jidda da Makka daga nan bai taka kara ya karya ba. Mai salla a Sakkwato yana fuskantar daraja 71 daga arewa, watau gabas ce da ta karkata wajen arewa da daraja 19. Da ya sa kai ya bi gabansa bai kauce ba, sa'ad da zai isa Makka allurar nuna arewa za ta nuna yana kan daraja 81 ko 82, alhali kuwa shi bai juya ba. Layukan arewa ne suka karkace a ƙarƙashinsa. A tafiya irin tamu, wadda ke kusa da tsakiyar duniya, wannan bai cika tasiri ba, wanda ya riƙe daraja 76 tun daga farko har ƙarshe zai isa, ƙarin hanyarsa 'yan kilomita ne. Amma ga biranen da ke can arewa abin ya girma. Jirgin da ya tashi daga Landan zuwa Los Anjalis ta Amurka yakan hau ta kan ƙanƙarar Girinlan da arewacin Kanada, mai kallon taswirar bango ya ga kamar ɓata ya yi. Haka Musulmin Niyok ke fuskantar arewa maso gabas, ko da yake a taswira Makka tana kudu maso gabas da su. Taswirar ce ke ruɗi, gama ba a shimfiɗa ɓawon lemo a faranti sai an yage shi ko an ja shi.

Akwai wata matsala da ta shafi masu fassara da masu karanta labarai a rediyo, kuma ina ganin ya kamata a tsananta a kanta. Mil iri uku ne ke yawo cikin Hausa da suna ɗaya. Akwai milin Ingilishi na kan hanya, mita 1,609, wanda Nijeriya ta bari ta koma kilomita a shekarun 1970. Akwai milin ruwa, mita 1,852, wanda matuƙan jiragen ruwa da na sama ke aiki da shi, domin ya yi daidai da kashi ɗaya cikin sittin na daraja. Akwai kuma milin fiƙihu, wanda uku suke farsahi, farsahi huɗu kuma baridi. Nisan nan namu guda, in an faɗe shi da kilomita 3,725 ne, da milin hanya 2,315, da milin ruwa 2,010. Mai fassarar da ya ga lambar matuƙa ya ce mil kawai, mai sauraro kuma ya ɗauka na hanya ne, ya zaftare wa tafiyar wajen kilomita 490, abin da ya fi nisan Sakkwato da Kano a miƙe, wanda yake kilomita 375. Shawarata ita ce kada a bar kalmar mil tsirara a rubutu. A ce milin hanya, milin ruwa, ko milin shari'a, in kuwa ana shakka a tsaya ga kilomita.

Duk wannan awon zare ne. Jirgi kuwa ba tsuntsu ba ne da zai bi inda ya ga dama. Jiragen farko ba su iya dogon zango ba. Na farko da suka sauka a Kano, guda uku na sojan Ingila, sun iso ranar 1 ga Nuwamba 1925 daga Masar, suna tafe suna ya da zango. A 1936 da kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar Hartum zuwa Kano, tashoshinsa su ne Ubayyid, Fashir, Jinaina, Abashe, Fort Lamy da Maiduguri, da wani ɗan zango a tsakani. Mai karatu zai lura waɗannan su ne zangunan mahajjata, ba a canja kome ba sai abin hawa. Dalilin ɗaya ne, abin da rijiya take ga raƙumi shi tankin mai yake ga jirgi. Jirgi mai farfela irin DC-3, wanda ke cin wajen kilomita 300 a awa, yana bukatar fiye da awa goma sha biyu a sama kafin ya gama wannan hanya, ban da tsaye-tsaye. Sai da manyan jirage suka zo aka iya ɗinke ta a tashi guda.

Ko yanzu ma sararin sama yana da hanyoyi da aka shata, da mahaɗai, da masu ba da izini, kowace ƙasa kuma ita ke da ikon samanta. Cikin Afrilu 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe samanta, jiragen alhazan Nijeriya na wannan shekara suka rasa miƙaƙƙiyar hanyarsu. Tilas suka yi zagaye, lokacin tafiya ya ƙaru, mai ya ƙaru, kamfanonin jirage suka nemi ƙarin kuɗi, Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta shiga neman yadda za a cike giɓin. Cikin Agusta na wannan shekara kuma Nijar ta rufe nata saman na wani lokaci bayan juyin mulki. Sakkwato ba ta gusa ba, Jidda ba ta gusa ba, amma hanya ta tsawaita, kamar dai yadda yaƙi a Wadai ko Darfur kan sa madugu ya sake hanya a da.

Sa'an nan ga iska. Jirgi cikin iska yake iyo kamar kwalekwale cikin kogi. A misali, jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa, in iska mai gudun 80 tana tura shi ta baya, zai gama 3,725 cikin awa huɗu. In ta gaba take bugunsa sai ya kusa awa biyar. A wannan yanki iskar can sama takan busa daga yamma zuwa gabas da hunturu, da damina kuwa takan juyo daga gabas. Da yake watan aikin hajji yana zagayawa cikin shekarar rana, yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, alhajin da ya ce zuwa ya fi komowa sauri da wanda ya ce komowa ta fi, mai yiwuwa ne dukansu sun yi gaskiya, shekarunsu ne suka bambanta. In aka haɗa da lokacin hawa da na sauka da jiran izini, awa huɗu da rabi zuwa biyar ita ce amsar da ta dace in hanya a buɗe take. Matuƙi kuma ba ya ɗaukar man nisan nan kawai, sai ya ƙara na zuwa wani fili dabam, gama hazo kan rufe filin da aka nufa.

Agogo ma yana da nasa ruɗin. Duniya tana juya daraja ɗaya cikin minti huɗu, saboda haka daraja 34 ta sa rana na riga fitowa a can da wajen awa biyu da kwata. Hukumomi sun daidaita abin ya zama awa biyu cif tsakanin agogon Nijeriya da na Saudiyya. Wanda ya tashi daga Sakkwato da ƙarfe goma na safe ya yi awa biyar a sama, zai tarar ƙarfe biyar na yamma a Jidda, azahar ta wuce shi a sama, la'asar ta yi nisa. A komowa kuwa ya tashi ƙarfe goma ya sauka ƙarfe ɗaya. Wanda ya dubi tikiti ya debe wannan lamba daga waccan zai ce zuwa awa bakwai ne, komowa uku.

Malaman Malikiyya sun sa iyakar tafiyar da ake ƙasaru a cikinta baridi huɗu, watau mil 48 na shari'a, abin da masu lissafin zamani ke kaiwa kilomita tamanin da wani abu, sun kuma kwatanta shi da tafiyar yini biyu ta raƙuma masu kaya. Jirgi yana shafe wannan cikin minti shida. Haka kuma mikati. Mai zuwa ta ƙasa yakan sauka a wurin, ya yi wanka, ya ɗaura harami a natse. Mai zuwa ta sama daga yamma kuwa yana daidaita da mikatin ne a kan teku, kafin a gama sanarwa an wuce. Shi ya sa masu nufin Makka kai tsaye da yawa sukan ɗaura haraminsu tun a filin jirgi su bar niyya sai an kusa, waɗanda aka fara kai su Madina kuwa sukan ɗaura nasu a Zulhulaifa kamar mutanen Madina. Ko Jidda kanta tana isa mikati ga wanda ya sauka cikinta ta sama, malaman wannan zamani sun yi saɓani, hukuncin kuwa nasu ne.